Rabon Kafar Iska Bisa Adalci Tsakanin Tashoshi Masu Eriya Da Yawa



Maganar yau maganar rabo ce, kuma dukiyar da za a raba ido ba ya ganinta, hannu ba ya kama ta. Ita ce kafar da saƙon rediyo ke bi cikin iska daga wata na'ura zuwa wata. Kada a raina ta domin ba a ganinta, gama a watan Janairu na shekarar 2001, sa'ad da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gwanjon lasisin wayar hannu, kuɗin kowane lasisi ɗaya ya kai dala miliyan 285. Wannan irin kafa mai lasisi tana da mai ita, shi ke tsara wanda zai yi magana da lokacin da zai yi. Amma akwai wata iri wadda ba ta da ubangida, kamar yankin megahaz 2,400 da hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wa kowa a 1985, wanda a kansa aka fara gina abin da ake kira Wi-Fi. A nan ne rigimar rabo take, domin dukiya ce ta kowa, ba kuwa alƙali a zaune.

Ya kamata tun farko a daidaita wasu kalmomi. Tasha ita ce kowace na'ura mai aikawa da karɓa. Ƙunshi shi ne ɗan guntun saƙon da ake aikawa a tashi ɗaya. Zango kuwa, ba wanda masu sauraron rediyo suka sani a cikin gajeren zango da matsakaicin zango ake nufi ba, zangon fatake ake nufi: tafiyar saƙo daga wata tasha zuwa ta gabanta, inda zai sauka kafin a sake ɗora shi.

Asalin al'amarin daga tsibiran Hawai yake. Jami'ar can tana da rassa a tsibirai daban-daban, babbar kwamfuta kuwa tana kusa da Honolulu, layukan tarho ga tsada ga rashin inganci. Sai Norman Abramson da abokan aikinsa suka kafa tsarin da suka sa wa suna ALOHA, wanda ya soma aiki a 1971. Dokarsa ɗaya ce tak: duk tashar da ke da magana ta faɗa. In aka yi sa'a ba wanda ya faɗa tare da ita, saƙo ya isa, a aiko mata da shaidar karɓa. In kuwa biyu suka yi karo, duka biyun sun lalace, kowace ta ɗan jira wani lokaci da ta zaɓa ta hanyar ƙuri'a, ta sake. Lissafi ya nuna cewa irin wannan zama, komai ƙoƙari, ba ya cin moriyar abin da ya wuce kashi 18 cikin ɗari na kafar. A 1972 Lawrence Roberts ya nuna in aka yanka lokaci gurbi-gurbi, aka hana kowa fara magana sai a farkon gurbi, moriyar za ta ninka zuwa kusan kashi 37. Hasarar tana da yawa, amma a lura da abu guda: a ALOHA duk tashoshi ɗaya suke a gaban ƙuri'a, ɓarnar ta kowa ce.

Gyaran da hankali zai fara kawowa shi ne wanda kowane yaro ya koya a zauren mahaifinsa, watau a saurara kafin a yi magana. Leonard Kleinrock da Fouad Tobagi sun yi nazarin wannan a Kalifoniya a 1975, suka tabbatar yana ƙara moriya ƙwarai, sa'an nan a cikin aikin nan nasu suka fito da aibinsa. A zaure kowa yana jin kowa. A iska ba haka ba ne. A ɗauka tashoshi uku ne a jere, ta gabas da ta tsakiya da ta yamma; ta tsakiya tana jin duka biyun, amma ta gabas da ta yamma ba sa jin juna. Ta gabas tana cikin aika wa ta tsakiya saƙo, ta yamma ta kasa kunne, ta ji shiru, ta saki nata. Karo ya auku a kunnen ta tsakiya, alhali kowace daga cikin biyun ta bi doka. Wannan ita ce matsalar ɓoyayyiyar tasha. Abin da ya ƙara tsananta ta shi ne rediyo ba ta iya sauraro sa'ad da take magana a kafa guda, domin ƙarfin muryarta a bakin eriyarta ya fi na saƙon da ke zuwa daga nesa sau miliyan dubu ko fiye. Saboda haka ba ta sanin an yi karo sai bayan ta gama, ta jira shaidar karɓa ba ta zo ba.

Phil Karn ya kawo wata dabara a 1990, mai kama da sallama a ƙofar gida. Mai aikawa ya fara jefa ɗan gajeren neman izini, mai karɓa ya amsa da ɗan gajeren iso, duk wanda ya ji ison nan ya san maƙwabcinsa yana da baƙo, ya yi shiru har a gama. Dabarar ta shiga ƙa'idar 802.11 da ta fito a 1997, tana kuwa rage karo, amma ba ta kawar da shi ba, zama muryar tasha tana iya ɓata sauraron wata a nesan da ba a iya fahimtar abin da take faɗa.

Yanzu sai a dubi ita ƙuri'ar jira, domin a cikinta ne rashin adalci na farko ya ɓuya. A ƙa'idar 802.11b ta 1999, tasha tana zaɓen lamba tsakanin 0 da 31, ta ƙirga gurabe masu wannan yawa, kowane gurbi kashi 20 cikin miliyan na sakan, kana ta yi magana. In ta yi karo, sai ta faɗaɗa ƙuri'arta zuwa 63. In ta sake, 127. Haka har 1,023. In kuwa saƙonta ya isa lafiya, ta koma 31. Manufar mai kyau ce: idan cunkoso ya yi yawa kowa ya sassauta. Amma a duba abin da ke biyo baya idan tashoshi biyu ba su daidaita a wurin zama ba. Wadda ta ci tana komawa jiran gurabe 15 ko 16 a matsakaici, wadda ta fāɗi sau biyar a jere tana jiran sama da 500. Kafin ta biyun ta gama ƙirga, ta farkon ta aika ƙunshi bayan ƙunshi, kuma duk aikawar tana ƙara tsayar da ƙirgar 'yar'uwarta. Zaman kashin dankali ke nan, na sama ya danne na ƙasa. Masu binciken da suka tsara MACAW a 1994, a cibiyar Xerox ta Palo Alto, sun ga wannan, suka ba da shawarar kowace tasha ta rubuta faɗin ƙuri'arta a goshin ƙunshinta, mai ji ya kwafa, domin kowa ya tsaya a layi ɗaya. Wannan sashe na shawararsu bai shiga ƙa'idar Wi-Fi ba.

Duk wannan a zango ɗaya ne. To, ina ga an jera zanguna? Dalilin jera su a fili yake. Ja wa kowane gida ko kowane ƙauye waya abu ne mai tsada. Ya fi sauƙi a kai babban layi wuri ɗaya, a kira shi ƙofa, sauran tashoshi su riƙa miƙa wa juna saƙo hannu da hannu har ya kai can. Ma'aikatar tsaron Amurka ta fara gwada irin wannan tun 1973 a kewayen San Faransisko, daga baya jama'ar gari suka ɗauka, kamar Guifi a yankin Kataloniya ta ƙasar Sifen, wadda aka fara a 2004. Sai dai kowane zango yana cin kafa. Tashar da ke karɓa ba ta iya aikawa a lokacin, ta gabanta ma ba ta da ikon magana don kada ta toshe mata kunne. Jinyang Li da abokan aikinsa a MIT sun nuna a 2001 cewa a doguwar sarƙar tashoshi, ko da tsari ya cika cif, abin da zai fita ƙarshenta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zango ɗaya ba. Da suka kwaikwayi ƙa'idar 802.11 a kwamfuta kuwa, abin da suka samu wajen ɗaya cikin bakwai ne. Shekara guda kafin nan Piyush Gupta da P. R. Kumar na Jami'ar Ilinoi sun kafa hujjar lissafi cewa gwargwadon yawan tashoshi, gwargwadon raguwar rabon kowace, domin galibin ƙarfinta yana tafiya wajen dakon kayan wasu. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Raguwar da ta shafi kowa da sauƙi. Abin da ke da zafi shi ne yadda take fāɗa wa wasu ta tsallake wasu. Duk wanda ya san noman rani a wuraren da ake ban ruwa ta magudana, kamar filayen Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, ya san bambancin manomin da ke bakin magudana da wanda ke can wutsiyarta. Ba lalle na bakin ya yi mugun nufi ba. Ya buɗe ƙofar gonarsa ne kurum gwargwadon bukatarsa, na wutsiya ya wayi gari da busasshen kwari. Haka abin yake ga tashar da ke kusa da ƙofa. Jakar ajiyarta ɗaya ce, cikinta ake zuba ƙunshin mutanenta da na waɗanda suka taso daga nesa. Na mutanenta suna shiga kai tsaye ba tare da sun yi takara a iska ba, nan da nan jaka ta cika, ƙunshin da ya sha wuyar zango uku ya iso ya tarar ba wuri, a yar da shi. An yi hasara biyu: na nesa bai samu ba, kuma lokacin iskar da aka kashe wajen kawo kayansa ya tafi a banza.

Akwai kuma wadda wurin zamanta kaɗai ya cuce ta. A ɗauki hanyoyi uku a jere, na gefe biyu ba sa jin juna, ta tsakiya tana jin dukansu. Ladabi ya hana ta magana sai duka biyun sun yi shiru a lokaci guda. Alal misali, in kowace ta gefe tana magana kashi tara cikin goma na lokaci, ba tare da kula da ɗayar ba, shirunsu ba zai haɗu ba sai wajen sau ɗaya cikin ɗari. Ta tsakiya ta fi kowa bin doka, ita ce kuwa ke kwana da yunwa. Edward Knightly da ɗalibansa a Jami'ar Rice sun bi diddigin irin wannan yunwa, ba a takarda kaɗai ba, har a kan ragar tashoshin da aka kafa wa wata unguwar masu ƙaramin ƙarfi a birnin Hustan. A rahotonsu na 2008 sun nuna cewa tasha mai zango ɗaya daga ƙofa tana iya tauye mai zango biyu har ta kusa rasa kome, maganin da suka gwada kuwa mai sauƙi ne ƙwarai: a faɗaɗa ƙuri'ar farko ta tashoshin da ke maƙwabtaka da ƙofa, watau a sa na bakin magudana ya ɗan yi haƙuri.

A nan dole a tsaya a tambaya, shin mene ne adalcin da ake nema? Kalmar tana da daɗin faɗa, amma injiniya ba ya iya saka ta cikin na'ura sai ta zama lamba. A ɗauki ƙauyuka biyu da ƙofa ɗaya, na kusa zango ɗaya, na nesa zango biyu ta kan na kusa, dukansu suna jin juna, kafar kuwa tana ɗaukar mudu 12 a kowane sakan. Kowane mudu na ƙauyen nesa yana cin kafa sau biyu. Wanda burinsa jimla ta yi yawa zai ba na kusa 12, na nesa ko ƙwaya. Wanda ya bi ra'ayin da Jeffrey Jaffe ya tsara a 1981, na ɗaga mafi ƙarancin rabo iyakar yadda zai ɗagu, zai ba kowa 4, jimla ta sauko 8. Frank Kelly na Jami'ar Kambirij ya kawo hanya ta uku a 1997, wadda ke neman rabon da in an ninka kason wannan da na wancan za a sami lamba mafi girma. A nan shi ne 6 da 3, gama 6 sau 3 ya ba da 18, alhali 4 sau 4 ya ba da 16, 12 sau sifiri kuwa sifiri ne. A rabon Kelly kowane ƙauye ya ci rabin lokacin iska daidai, sai dai na nesa ya sayi kayansa da tsada. Raj Jain ya ƙirƙiro ma'auni a 1984 wanda ke ba rabo na farko maki 0.5, na biyu 1, na uku 0.9. Amma ma'auni awo yake yi, ba ya yanke hukunci. Zaɓi tsakanin 4 da 4 ko 6 da 3 ba aikin lissafi ba ne, shawara ce irin wadda mahukunta ke yankewa kullum game da hanya da asibiti da rijiya.

A lura da wani abu cikin misalin nan da ke saurin kuɓuce wa mutane. Domin kowane ƙauye ya sami 4, tilas tashar kusa ta yi magana kashi 8 cikin 12, ta nesa 4, saboda ta kusa dako take yi. Ƙa'idar da ke raba dama daidai wa daida tsakanin tashoshi, kamar yadda ƙuri'ar Wi-Fi ke ƙoƙarin yi, ta daidaita na'urori ne, ta bar mutanen da ke bayansu a karkace.

Haka kuma daidaita yawan ƙunshi ba daidaita lokaci ba ne. Martin Heusse da abokansa a Garnobul ta ƙasar Faransa sun bayyana a 2003 cewa in tasha mai gudun megabit 11 ta zauna da mai gudun megabit 1, suna karɓa-karɓa ƙunshi ɗaya-ɗaya, kowace ba za ta kai megabit 1 ba, domin mai nawa tana riƙe kafa ninki 11 na lokacin mai sauri. Da lokaci aka raba biyu, da mai sauri ta sami wajen 5.5, mai nawa 0.5; an rage wa ɗaya ƙasa da rabin megabit, an ƙara wa ɗaya fiye da huɗu da rabi. Masu hankali da yawa sun karkata ga rabon lokaci, kuma a wajen 2017 Toke Høiland-Jørgensen da abokan aikinsa suka shigar da shi cikin manhajar Linux.

To, sai ga eriya da yawa ta shigo, ta sake dagula lissafin baki ɗaya. Tun zamanin Markoni ana ɗaukar amsa-kuwwa abokiyar gaba: saƙo ya bugi bango da dutse da rufin kwano, ya iso ta hanyoyi daban-daban, wani ya kashe wani. Arogyaswami Paulraj da Thomas Kailath na Jami'ar Stanford, waɗanda aka ba shaidar mallakar ƙirƙira a 1994, da Emre Telatar da Gerard Foschini na dakunan binciken Bell a 1995 da 1996, su ne suka juya abin. In tasha tana da eriya huɗu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai kamar rabin tsawon igiyar rediyo, watau wajen santimita 6 a megahaz 2,400, to kowace eriya za ta ji cakuɗar saƙonni ta fuskar da ta bambanta da ta sauran. Ɗalibin lissafi ya san cewa da jumlolin aljabara huɗu ana warware ɓoyayyun lambobi huɗu. Haka mai karɓa ke warware zare huɗu na saƙo da aka aiko a lokaci ɗaya, a kafa ɗaya. Yawan zaren ba ya wuce yawan eriyar wanda ya fi ƙaranci tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Wannan fasaha, wadda ake taƙaita sunanta da MIMO, ta shiga Wi-Fi a ƙa'idar 802.11n ta 2009, da zare har huɗu da gudun da ya kai megabit 600.

Muhimmin abu ga maganar rabo shi ne wannan: mai karɓa ba ruwansa da ko zaren nasa ne ko na maƙwabci. Eriya huɗu tana warware zare huɗu ko daga ina suka fito. Ya ɗauki nasa, ya zubar da na wani. Kowace eriya ke nan kamar kuɗi ce a hannu, ana iya kashe ta wajen karɓar kaya, ana iya kashe ta wajen kawar da hayaniya. Tsohuwar doka ta ce in maƙwabci yana magana a yi shiru ɗungum. Da eriya da yawa shirun ya zama abin da ake aunawa, ana iya yin rabinsa ko rubu'insa.

Karthikeyan Sundaresan da Raghupathy Sivakumar da abokansu a Cibiyar Fasaha ta Jojiya sun warware wannan a wata maƙala ta 2004. A ɗauki hanyoyi biyu masu jin juna, kowace tasha da eriya huɗu. Suna iya yin karɓa-karɓa, wannan ta aika zare huɗu, ta huta, waccan ta aika huɗu. Suna kuma iya aikawa tare, kowace zare biyu. A ƙirge duka ɗaya ne, biyu-biyu. Amma zaruruwan ba ƙarfinsu ɗaya ba, akwai kakkaura akwai siriri. Wadda ta aika huɗu dole ta haɗa da raunana. Wadda ta aika biyu kullum za ta zaɓi mafi ƙarfin biyun. Saboda haka aikawa tare ta fi riba, kuma ba wadda ta jira.

Sai dai kada a yi saurin ɗaukar wannan dokar ko'ina. A koma kan hanyoyi ukun nan da ta tsakiyarsu ke shan wuya, a ba kowace tasha eriya 6 domin sauƙin lissafi. In duka uku suka aika tare, kunnen ta tsakiya zai ɗauki nata zaren da na dama da na hagu, jimlarsu kada ta wuce 6. Kowace ta sami 2 ke nan. In kuwa aka ba ta tsakiya gurbi ita kaɗai ta aika 6, sa'an nan a gurbi na biyu na gefe suka aika 6 kowace, tun da ba sa damun juna, to kowace ta tashi da 3 a matsakaici. Karɓa-karɓa ta fi a nan da rabi. Abin da masanan Jojiya suka tsayar shi ne a bambanta hanyoyi iri biyu: wadda ke zaune a mahaɗar unguwanni biyu ko fiye a keɓe mata lokacinta ta yi amfani da dukan eriyarta, waɗanda ke cikin unguwa ɗaya kuwa su raba zare a tsakaninsu. Hukuncin yana da kyau a kan allo. Wuyarsa ita ce kowace tasha sai ta gane wace iri ce ita, alhali ba mai ganin taswirar duka, kuma taswirar tana sākewa.

Sa'an nan ba kullum tashoshi ke da eriya daidai ba. Wata ɗaya gare ta, wata uku. A tsohon tsari in mai eriya ɗaya ta ci ƙuri'a, iska tana ɗaukar zare ɗaya, mai uku tana zaune hannu rabbana. Kate Lin da Shyamnath Gollakota da Dina Katabi sun gwada wata hanya a MIT a 2011. Mai eriya uku ta kashe ɗaya wajen daidaita saƙonninta yadda za su kashe juna daidai a kunnen mai karɓar farko, har ya ji kamar ba kowa. Ta aika zare biyu da sauran. Nata mai karɓar kuma ya yi amfani da eriya ukunsa ya ware biyun nan daga zaren maƙwabci. Iska ta ɗauki uku maimakon ɗaya, ba a rage wa mai ɗaya kome ba. Amma tambayar adalci ta dawo da sabuwar riga. Mai eriya uku yanzu tana ci a gurbinta tana kuma ci a gurbin wata, mai ɗaya kuwa ba ta da ikon shiga gurbin kowa. Wasu za su ce tun da ba a taɓa rabonta ba, ba ta da ƙara. Wasu za su ce dukiyar ta kowa ce, wanda ya ci rarar ya kamata ya sassauta a ƙuri'a ta gaba. Ra'ayi na biyu ya fi ƙarfi a ragar zanguna, domin can mai eriya ɗaya sau da yawa ita ce ta wutsiya, wadda tun farko take biyan ninki.

Duk waɗannan dabaru suna da kuɗin da ake biya, shi ne sani. Ba mai iya kashe muryarsa a kunnen wani sai ya san daidai yadda iska ke murɗa saƙo tsakaninsu, wannan sani kuwa ba ya daɗewa. Mai tafiya da ƙafa yana ƙetare santimita 6 cikin kashi ɗaya cikin 25 na sakan. Mota mai gudun kilomita 60 a sa'a tana yin haka cikin ƙasa da kashi 4 cikin dubu. Bayan nan awon ya tsufa, sai a sake, kuma kowane awo lokacin iska yake ci. Viveck Cadambe da Syed Jafar sun nuna a 2008 cewa a ƙa'idar lissafi, komai yawan hanyoyin da ke damun juna, ana iya karkata hayaniyar duka ta taru gefe guda har kowace ta sami rabin abin da za ta samu da ita kaɗai ce. Amma hujjar ta jingina ne a kan sanin da babu na'urar da ke da irinsa. Akwai kuma kurumta: tashar da ta mai da hankalin eriyarta gabas ba ta jin mai sallama daga yamma, shi kuwa ya ɗauka karo ne, ya yi ta faɗaɗa ƙuri'arsa har 1,023, ya hukunta kansa a kan laifin da bai yi ba.

Wannan ne ya sa ƙa'idojin da suka shiga kasuwa suka bi hanya mafi sauƙi. Ta 802.11ac ta 2013 ta yarda babbar tasha ta aika wa na'urori har huɗu a lokaci guda, ta 802.11ax ta 2021 ta yarda su ma su aiko mata tare. Amma a duka biyun akwai shugaba ɗaya a tsakiya mai rarraba zare, kuma zango ɗaya ne. Ƙa'idar raga ta 802.11s, ta 2011, tana zaɓen hanya bisa lokacin iskar da kowane zango zai ci, amma shiga kafa ta bar shi galibi a hannun ƙuri'a. Ita ƙuri'ar ma amana ce: tashar da aka taɓa manhajarta ta riƙa zaɓe tsakanin 0 da 7 maimakon 0 da 31 za ta riƙa riga kowa, kuma maƙwabta ba sa iya kama ta da ƙunshi ɗaya ko goma, sai sun daɗe suna ƙirga gurabenta.

Ma'aikacin da aka ɗora wa karɓar irin wannan aiki daga hannun ɗan kwangila, a makaranta ne ko a sakatariya ko a rukunin ƙauyuka, galibi lamba ɗaya ake nuna masa, ko dai jimlar abin da raga ke ɗauka ko matsakaicin rabon kowa. Misalin ƙauyuka biyun nan ya isa ya sa shi taka-tsantsan, gama rabon 12 da sifiri matsakaicinsa 6 ne, ya fi na 4 da 4 kyan gani a takarda. Awon da ke fallasa gaskiya ana yinsa ne a tasha mafi nisa daga ƙofa, da kuma wadda ke tsakanin maƙwabta biyu da ba sa jin juna, a lokacin da tashoshin bakin ƙofa ke aiki iyakar ƙarfinsu. In ɗan kwangila ya yi gwajinsa da sassafe, tasha ɗaya bayan ɗaya, sauran suna kashe, to a nemi ya dawo da azahar ranar aiki ya sake, a kuma rubuta cikin takardar yarjejeniya mafi ƙarancin megabit ɗin da tashar ƙarshe za ta samu.